Cinyar Mai Kitso

Kaɗan ya rage a gama kan matar mai burodi sa'ad da marar Mai Kitso ta sake ɗaurewa. Ta matse ƙafafunta, ta cije leɓe, yatsunta na ci gaba da saƙa gashi kamar ba abin da ke faruwa. Amma abin da ya matso ta ba ya jin lallashi. Ta soke kibiya a cikin gashin da ya rage, ta ɗaga kan matar daga cinyarta a hankali.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, ina zuwa."

"Kuma?" Matar mai burodi ta ɗago da gefen kai a tsefe. "Ke kuwa yau randa kika shanye? Ko dai Auta ce za ta samu ƙani da tsufanki?"

Mai ɗinki, wadda suke raba shagon da ita, ta tsayar da kekenta ta tuntsire da dariya. Mai Kitso ma ta yi dariyar, don ita ce ta fi kowa barkwanci a layin, ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi." Ta zura silifas ta zagaya baya.

Banɗakin na 'yan shaguna ne gaba ɗaya, ƙofar langa-langa ce wadda sakatarta ta daɗe da ɓallewa, sai an tokare ta da dutse. Ta tsuguna. Da ta duba ƙasa sai ta ga abin da take tsoron gani: ja, kamar ruwan da aka wanke nama a ciki. Babu zafi, babu raɗaɗi. Shi ya fi ɗaure mata kai. Ai ciwo kan yi sallama kafin ya shiga gida, wannan kuwa ya shigo ya zauna bai ce da kowa komai ba. Haila ta ɗauke mata tun bara, kuma ta san jikinta, ta san ba ta can yake fitowa ba.

Ta kwarara ruwa har sai da simintin ya koma fari. Ta dawo ta ɗora kan matar a cinyarta, ta ƙarasa kitson, har da ba su labarin wata da ta zo da gashi ɗan tsito tana neman a yi mata irin na cikin hoto.

* * *

Wurin mai kemis na bakin titi ta fara zuwa. Ta jira har maza biyun da ke tsaye suka tafi, sannan ta matsa jikin kanta ta yi ƙasa da murya.

"Jini nake gani idan na kama ruwa."

Bai ma bari ta rufe baki ba. Hannunsa ya riga ya kai kan jerin magunguna. "Sanyi ne, Hajiya. Matan nan da kike gani suna yawo, rabinsu da shi suke. Ki sha wannan safe da yamma. Wannan kuma ki ba maigida, in ba haka ba kina warkewa zai sake zuba miki."

Maigidan direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya leƙo gida. Ranar da ya dawo, ta bari ya yi wanka ya ci abinci, Auta ta fita makaranta, sannan ta ajiye masa ƙullin maganin a gefen tabarma.

Ya juya shi a hannu. "Na mene ne?"

"Na sanyi. An ce mu sha tare."

"Ni lafiyata lau. Wane irin sanyi?"

"Irin wanda ake kawo wa mace har ɗakinta."

Ba ta yi niyyar faɗin haka ba, amma maganar mai kemis ta kwana tana cin ta. Ya ajiye ƙullin, ya dube ta irin duban da bai taɓa yi mata ba tun aurensu.

"Au, haka ne? To bari in tambaye ki. Ni da ba ni da komai a jikina, da ke da kike zubar da jini, wa ya kamata ya tuhumi wani? Ni ina kan titi ina fama da rana, ke kina nan cikin gari."

Maganar ta faɗo tsakaninsu kamar kwanon tangaran. Babu wanda ya tsince ta. Ya tafi tafiyarsa ta gaba bai yi mata sallama ba, ita kuma daga ranar ta ɗaure bakinta. Ciwon da faɗarsa ke jawo wa mace zargi, gara ta haɗiye shi.

Jinin ya ɗauke, ta yi hamdala. Ya dawo, ta koma kemis, aka canza mata kalar kafso. Ya sake ɗaukewa, ya sake dawowa. Wata maƙwabciya ta kawo mata jiƙo a gora, ta sha har harshenta ya yi baƙi. Da abin ya ishe ta ta je ƙaramin asibitin unguwa. Labule ne kawai tsakanin likita da masu jira, har tana jin tarin wani dattijo a bayanta. Likitan bai ɗago kai ba.

"Shekarunki nawa? To, a wannan shekarun haila kan yi wasa kafin ta yi ban kwana."

"Likita, ba ta nan..." Ta waiga ta dubi labulen. Ƙafafun maza ne jere a ƙarƙashinsa. "Ba ta nan yake zuwa ba."

"Ku mata ba kwa bambancewa. In kuma sanyi ne, ga magani. Mai bi mata!"

Ta fito da takarda a hannu da kunya a fuska, kamar ita ta yi laifi.

* * *

Damina ta wuce, wata daminar ta zagayo. Ta rame, zannuwanta suka fara yi mata yawa, masu zuwa kitso suna tambayarta sirrin rage ƙiba. Wata safiya tana tsakiyar tsaga sai fitsarin ya matso ta, ta je banɗaki, ya ƙi fita. Ta yi nishi, ta yi addu'a, ko ɗigo. Mararta ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. Mai ɗinki ce ta ji shirun ya yi yawa, ta zagaya ta same ta durƙushe ta rungume bokiti, gumi ya jiƙe mata riga.

"Innalillahi! Ke, tun yaushe kike haka?"

"Rufa mini asiri, ki ja ƙofar."

"Asirin me? Mutuwa za ki yi a banɗaki don kunya?"

A babban asibiti aka zura mata roba, gudajin jini suka fito baƙi-baƙi. Aka kwantar da ita, aka yi hoto, aka leƙa cikin mafitsarar da wata siririyar na'ura mai fitila. Maigidan ya bar motarsa a hannun wani ya taho. Ranar da sakamako ya fito, suna zaune gaban wani likita mai furfura, kowannensu na kallon gefe guda.

"Tun yaushe kike ganin jinin?"

"Ya fi shekara."

Likitan ya cire tabarau ya murza idanu. "Baiwar Allah, ciwon daji ne a mafitsararki. Ya riga ya ci cikin naman. Da tun farkon jinin kika zo, da kankare shi kawai za mu yi ki koma gida. Me ya sa ba kwa zuwa da wuri?"

"Na zo," in ji ta. Muryarta ta fito siririya. "Na je kemis. Na je asibitin unguwarmu. Na faɗa musu."

Likitan ya mayar da tabaransa.

"Likita," maigidan ya gyara zama, "wannan ciwon... ɗauka ake yi? Wato daga wani?"

"Ba a ɗaukarsa a wurin kowa. Ba ruwansa da wannan."

A baranda maigidan ya tsaya ya dafa bango. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, wanda ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, amma ranar sai ta ga kafaɗunsa sun zube. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Maman Auta, ki yafe mini."

"Ni ma na zarge ka."

"Da na kawo ki tun ranar. Da maimakon baƙar magana na ce tashi mu je."

Da-na-sani ƙeya ce, kuma su biyun duk sun juya sun gan ta.

* * *

Aka yi mata ƙarin ruwan magani mai sa amai, gashinta ya bi mataji ya zube. Sannan aka yi aikin. Aka cire mafitsarar, aka haɗa da mahaifa, aka huda mata ciki ta gefen dama, ƙasa da cibiya kaɗan. A nan fitsari zai riƙa fita, ba dare ba rana, ba tare da ya nemi izininta ba, yana taruwa a wata jakar roba da ake mannawa a fata.

Wata nas mai haƙuri ta koya mata yadda za ta zubar, da yadda za ta goge wurin ta manna sabuwa. Mai Kitso ta kalli jan naman da ya leƙo daga cikinta, ta kawar da kai.

"Sista, to salla fa? Yaya zan tsaya gaban Ubangijina da wannan a jikina?"

"Lalura ce, Mama. Ki yi alwalarki ki yi sallarki. Wanda ya ɗora miki ya fi kowa sani."

Ta yarda da maganar a kanta, amma zuciyarta ta ƙi. Kullum sai ta ji kamar ba ta da tsarki. Ta daina shiga sahun mata, ta daina zuwa gidan suna da na gaisuwa. A gida maigidan ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, wai kada ya juya cikin barci ya danne mata jakar. Ta san da gaskiya a maganarsa. Ta kuma san ba ita ce duka gaskiyar ba. Yana yi mata komai, ya ɗebo ruwa, ya wanke mata zani da hannunsa, amma idonsa ba ya sauka ƙasa da wuyanta.

Da ta ji ƙarfi ta ce za ta koma shago. Mai ɗinki ta share mata wurinta, ta wanke matajai, ta ɗinka mata riguna masu faɗi da ba za su nuna komai ba. Mata suka yi ta shigowa yi mata sannu. "Kin sha jiki." "Allah ya sa kaffara ne." Suna tsaye suke faɗa, daga bakin ƙofa, kawunansu ɗaure da ɗankwali. Zancen duniya ba ya ɓuya, kuma idan ya fita ba ya dawowa yadda ya tafi: a layin an gama yanke hukunci cewa yoyon fitsari take yi, wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce abin da mijinta ya kwaso ne ya ci ta.

Matar mai burodi ce ta yi ta maza. Ta shigo da fara'arta, ta warware ɗankwali ta zauna a tabarma. "Ni dai ba mai taɓa mini kai sai ke. Dubi yadda ya zama kamar sheƙar angulu."

Daɗi ya kama Mai Kitso. Ta taje gashin, ta shafa mai, ta ja tsaga ta farko miƙaƙƙiya kamar an sa zare. Yatsun ba su manta ba. Ta juya kan matar ta kwantar da shi a cinyarta ta dama, yadda ta saba yi shekara da shekaru.

A nan jakar take. Kunnen matar ya sauka dab da ita. Sai cikin ya yi ɗan ƙugi, ruwa mai ɗumi ya gangara cikin robar, da 'yar ƙarar da ba mai jin ta sai wanda ya kusa haka. Mai Kitso ta ji wuyan matar ya sandare a hannunta. Hirar ta tsaya. Ta ga hancinta ya motsa, ta ga tana jan numfashi ta baki.

Keken ɗinki na ta ƙara a gefe.

"Kash!" Matar ta ɗago. "Kin ga na manta, tukunya na bari a wuta. Bari in je in sauke, yanzu zan dawo."

Ta ɗaura ɗankwali a kan kitson da ko rabi bai kai ba, ta fita da sauri har tana barin man gashinta. Mai Kitso ta zauna da kibiya a hannu tana kallon ƙofa. Mai ɗinki ta tsayar da keke.

"Wallahi ba kya wari. Ni da nake kusa da ke tun safe, da na ji da na faɗa miki."

"Na sani."

"To bari in je in same ta..."

"Bar ta. Kai nata ne."

Har aka rufe shago ba ta dawo ba.

* * *

Mai ɗinki ce ta ji sanarwa a rediyo cewa za a yi taron mata masu ciwon daji a harabar babban asibiti. Ta matsa mata sai sun je. "Ki ga 'yan'uwanki, ki ji yadda suke yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, 'yan mata sanye da riguna ruwan hoda suna raba ruwan leda. Mata suka fito ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin ƙullutun da suka ji a nono, da yadda aka yi musu aiki suka tashi. Ana tafi, ana rungumar juna. Mai Kitso ta ji hawaye na zubo mata, na tausayi da kuma na wani abu mai kama da kishi. Su ga su da yawa. Suna da waƙa, suna da launi, suna da sunan da ake faɗa a lasifika.

Da aka ba da damar tambaya, ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Aka miƙo mata makirufo. Ta miƙe tana dafe da gefen cikinta.

"Ni tawa... ta mafitsara ce. Ina so in ce, idan mace ta ga jini a fitsarinta..."

Wata a baya ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Wasu suka sunkuyar da kai. Shugabar taron, wata mace mai kirki da murmushi, ta matso ta dafa kafaɗarta.

"Sannu, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ai wannan maza ta fi kamawa. Yau kuma ta nono muke yi, kin ga lokaci ya tafi. Ki ga likitanki, kin ji?" Ta zare makirufon a hankali. "A tafa mata!"

Aka tafa mata. Ta zauna.

Suna fita ta hangi nas ɗin da ta koya mata manna jaka. Ta riƙo hannunta. "Sista, don Allah, ni kaɗai ce mace mai irin wannan?"

"Ina! Kuna da yawa, Mama. Sai dai ba kwa iso mana sai ta ƙure."

"To haɗa ni da ko ɗaya ce. Mu zauna mu yi hira. In tambaye ta yadda take yi da dare, da yadda take yi da maigidanta."

Nas ɗin ta girgiza kai. "Na taɓa gwadawa. Ba mai son a san ta. Wata ma mijinta kaɗai ya sani, ko 'ya'yanta ba su sani ba. Akwai wata da na so ƙwarai ku haɗu, mai surutu ce irinki." Ta dubi ƙasa. "Ta daina zuwa."

Mai Kitso ba ta tambayi dalili ba.

* * *

Hoton da aka sake yi ya nuna abin ya leƙa wani wuri. Likita ya ce za a ci gaba da magani, a kuma ci gaba da addu'a. Ta bar wa mai ɗinki shagon, ta kwaso matajanta a leda ta tura ƙarƙashin gado. Yawancin yini a tsakar gida take yinsa, jingine da bango, tana bin inuwa.

Wata ranar Asabar da la'asar Auta ta shigo daga waje. Yarinyar ta fara zama budurwa, ga tsayi ga gashi irin na uwarta a da. Tun ranar da aka haife ta ba hannun da ya taɓa shiga kanta sai na uwar. Ta yi sallama ciki-ciki, ta nufi ɗaki da sauri, hijabinta ja har goshi.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Zo. Jibi fa za a duba kawuna a makaranta. Ɗauko mini leda a ƙarƙashin gado, yau ina jin ƙarfi."

Yarinyar ta tsaya cak. Ta dawo a hankali, ta durƙusa, amma ba kusa ba. Ƙamshin wani man gashi da ba na gidan ba ya iso kafin ita. Mai Kitso ta miƙa hannu ta zame hijabin.

Sabon kitso ne, fatar kan har tana sheƙi. An ja shi da ƙarfi a gaban goshi, ƙananan ƙuraje sun fara tasowa. Tsagar tsakiya ta karkace tun daga rabi.

"Mama, ban so in wahalar da ke ba ne," in ji Auta, idonta a ƙasa. "Na ga ba ki da lafiya. Wallahi shi ne kawai."

Mai Kitso ta dubi tazarar da ke tsakanin gwiwar 'yarta da tata. Ta ɗora ɗan yatsa a kan tsagar, ta bi ta a hankali har inda ta kauce, ta tsaya a nan.

"Ya yi kyau," ta ce. "Gobe ki ce wa wadda ta yi miki ta rage ja a gaba, kada ya cinye miki goshi."

Auta ta gyaɗa kai, ta ja hijabinta ta shige ɗaki. Inuwa ta riga ta bar bangon. Mai Kitso ta zauna a cikin ranar, hannayenta biyu a kan cinyarta, ba ta matsa ba.